Wasiƙa daga Jamus: Ku Duba Rauta Kafin Ku Zagi Kamfanin Layi

Assalamu alaikum 'yan'uwana na gida. Ya iyali, ya ƙoƙari?

Ina rubuto muku ne daga Jamus, inda nake aikin kula da na'urorin intanet a wata ƙaramar ma'aikata. Na san halinmu: da zarar shafi ya ƙi buɗewa sai a ce "netwok ne", a zagi kamfanin layi, a zare rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, daga wuta a mayar. Sau da yawa laifin kamfanin ne, ban musa ba. Amma wani lokacin ɓarnar tana cikin ɗan akwatin da ke kan teburinku.

Rautoci da dama suna ɗauke da wata ƙaramar manhaja mai suna dnsmasq, wadda Simon Kelley ya rubuta. Ita ke raba wa wayoyi da kwamfutoci adireshi, ita ce kuma ke tambayo lambar shafi idan kun rubuta sunansa, aikin da ake kira DNS. Idan wannan ɓangaren ya samu tangarɗa, fitilun rauta na kunne, data ba ta ƙare ba, amma shafi shiru.

A watan Janairun 2021 masu bincike na kamfanin JSOF suka bankaɗo kafofi bakwai na rauni a cikinta, suka raɗa musu suna DNSpooq. Aka fitar da sabon zubi, 2.83, don toshe su. Sai gyaran ya zo da nasa ciwon: a na'urar da ke aiki da IPv4 da IPv6 tare, wato tsoho da sabon tsarin adireshin intanet, jifa-jifa amsa takan bi hanyar da ba tata ba ta salwanta. Waya ta sake tambaya, ta samu. Mai amfani ba abin da yake gani sai ɗan jinkiri da ke zuwa yana tafiya. Irin wannan ya fi kowanne wuyar kamawa, don mai gyara na isowa sai ya lafa. Abin da ya tona asirinsa shi ne rajistar da rauta ke rubutawa, inda saƙon kasa aika amsa ya riƙa fitowa. Ba da jimawa ba zubi na 2.84 ya kawo maganinsa.

Shi ya sa gaggawar zare rauta daga wuta take ba ni takaici. A tsarin OpenWrt, manhajar da ke tafiyar da wasu rautoci, rajistar nan a ƙwaƙwalwar wucin gadi take zama. Kuna kashe na'urar kun goge shaidar da hannunku. Ku fara kwafe ta da umarnin logread.

Gwajin kuma ba tsada. Ku yi ping, umarnin da ke gwada ko wata na'ura tana amsawa, zuwa 8.8.8.8, lambar DNS ta Google, sannan zuwa sunan wani shafi. Lamba ta amsa, suna ya ƙi? To layinku lafiya lau, DNS ne. Ku sa 1.1.1.1, lambar DNS ta kamfanin Cloudflare, a matsayin DNS na kwamfutar. In komai ya daidaita, ku koma kan rauta.

Masu kafe da makarantu, ku lura: a saitinta na asali dnsmasq tambayoyi 150 kawai take iya riƙewa suna jiran amsa a lokaci guda. Ɗalibai sun cika ɗaki, layi ya yi nauyi, sai ta fara watsar da sauran, kuma takan rubuta hakan a rajista. Ana ɗaga adadin da saitin dns-forward-max. Don Allah ku duba lambar zubin da ke rautarku. In ƙasa da 2.84 ne, ku nemi sabuntawa a makon nan.

A gaida mutanen gida.

Naku,
Ɗan'uwanku a Jamus