Yadda Na Kula da Inna Lokacin da Bitamin D Ya Yi Mata Ƙaranci

Wanda ya san zafin ranar Damagaram a watan Afrilu zai yi mamakin jin cewa akwai mai fama da ƙarancin bitamin D a garin nan, tun da fatar mutum ce take samar da shi idan hasken rana ya taɓa ta. Amma mahaifiyata, wadda ta haura shekara saba'in, ta daɗe tana wuni a ɗaki a gidanmu na Birni, kuma fatar tsoho ba ta samar da shi kamar ta yaro. Ta fara kukan ciwon ƙugu da cinyoyi, har tashi daga tabarma bayan salla ya zama sai an kama ta.

Likita ya sa aka yi gwajin jini, aka ga ƙarancin ya yi tsanani. Ya rubuta mata ƙwayar bitamin D tare da kalsiyam, ya bayyana mini cewa idan babu shi hanji ba ya iya tsotsar kalsiyam yadda ya kamata, sai ƙashi ya yi laushi, tsoka ta yi rauni. Ya kuma ce a riƙa fito da ita tsakar gida da hantsi na ɗan lokaci, hannuwa da ƙafafu a buɗe. Wannan ne ya fi ba ni wahala, domin Inna cewa take yi, "Yanzu ni za a shanya kamar gero?" Duk da haka ta jure, kuma bayan 'yan watanni ta koma tashi da kanta.

Da maƙwabta suka ga sauƙin, wasu suka fara tambayata sunan ƙwayar domin su saya a farmasi. Na hana su, saboda abin da na karanta a lokacin jinyar. Wani babban bincike mai suna VITAL da aka yi a Amurka ya bai wa wani rukuni daga cikin mutane fiye da 25,000 bitamin D ma'auni 2,000 na IU (ma'aunin da ake auna bitamin da shi) kullum har kimanin shekara biyar, kuma sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna bai rage kamuwa da ciwon daji ko bugun zuciya ba. Yawancinsu da ma ba su da ƙaranci. Ga shi kuma bitamin D yana taruwa a jiki, idan ya yi yawa sai kalsiyam ya cika jini, ya illata ƙoda. Ma'auni 600 ne ake ba da shawara ga babba a rana, 800 ga wanda ya wuce saba'in.

Binciken da ya fi kusa da rayuwarmu shi ne na Jos a Najeriya, wanda aka wallafa a 1999, inda yara masu lanƙwasassun ƙafafu suka fi samun sauƙi da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Gero da dawa ba su da kalsiyam mai yawa, shi ya sa na ƙara wa 'ya'yana nono a fura, da miyar kuka, da busasshen ƙaramin kifi da ake ci da ƙayarsa.