Ambulan goma sha ɗaya na wuta-wuta

Laraba, ƙarshen watan Oktoba.

Yau na cika alkawarin da na ɗaukar wa wani dattijo makonni uku da suka wuce, ranar da ya same ni a ofishinmu na malaman gona riƙe da tushen wake guda biyu da ya naɗe a gefen rigarsa. Ya ce a kasuwa ya sayi irin, an kuma tabbatar masa cewa ingantaccen wake ne wanda wuta-wuta ba ta kama shi, amma ga shi ta fito a gonar kamar ita aka shuka. Na ce masa ba zan yanke hukunci da ido ba, sai dai ya bar mini kunya uku kada a taɓa su har irin ciyawar ya nuna, sannan in zo in ɗebi samfur in kai ɗakin gwaji.

Na bar Kano bayan sallar asuba a kan babur, na bi hanyar Bichi, ɗauke da ambulan na takarda, da fensir, da almakashi, da tsofaffin jaridu, da ƙaramin bokiti da buroshi. Na iske shi a ƙofar gida tare da jikansa, matashi mai kimanin shekara goma sha shida. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi barka da kaka, ya tambayi iyali da mutanen birni. Bayan haka muka zauna jiran raɓa ta bushe, domin irin da aka ɗeba da danshi fumfuna yake yi kafin ya isa inda za a kai shi.

Ya bar kunyoyin kamar yadda na roƙa. Waken ya tsumbure, ganyensa ya yi rawaya a tsakanin jijiyoyi, kuma a gindin kusan kowane tushe akwai cunkoson ƙananan karare masu kauri da ba su wuce tsawon taƙi ɗaya ba, wasu da sauran fure mai ruwan shunayya, wasu kuma ƙwansonsu ya riga ya yi baƙi. Wannan ita ce wuta-wutar wake, wadda masana ke kira Striga gesnerioides. Ta bambanta da ta dawa da gero da masara, wato Striga hermonthica, mai tsayi da fure mai ruwan hoda mai ɗaukar ido, ta kuma bambanta da Alectra mai rawayan fure wadda ita ma wake take kamawa. Manoma da yawa suna haɗa su duka a suna ɗaya, wasu su ce ƙuduji, amma ga mai gwaji dole a rarrabe, domin wadda ke cin dawa ba ta cin wake.

Na karɓi fartanya na haƙa gefen wani tushe a hankali, na ɗago shi da ƙasarsa, na kakkaɓe da yatsa. A jikin saiwar waken akwai wani ƙulli mai tauri, girmansa kamar ƙwayar gyaɗa, kuma daga cikinsa kararen ciyawar suka taso. Na miƙa wa dattijon, ya jujjuya shi a tafin hannu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Malam, shekara hamsin ina cire ta daga sama, ban taɓa bin ta zuwa nan ba.” Na ce, “Baba, ta nan take shan ruwa da abincin waken. Kafin ku ga kanta a waje ta yi makonni tana tsotso a ƙarƙashin ƙasa.” Na ƙara masa da cewa irinta ba ya tsira sai ya ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa, cewa tushe ɗaya yana iya zubar da iri dubu hamsin ko fiye, kuma irin yana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara goma yana jira. Ya girgiza kai ya yi salati.

Tambayar da ta kawo ni tana da fuska biyu, kuma ita ce ta hana ni barci sosai jiya. Mai yiwuwa ne irin da aka sayar masa ba shi ne abin da aka ce ba, ko kuma an gauraya shi da waken gida irin su Ɗan Ila, wanda wuta-wuta ke kamawa cikin sauƙi. Idan haka ne, matsalar ta kasuwa ce. Amma akwai ɗaya fuskar da ta fi tayar mini da hankali. Wuta-wutar wake ba iri ɗaya ba ce a Afirka ta Yamma, an rarrabe ta jinsi-jinsi, kuma wadda aka fi sani a Najeriya da Nijar ita ce ake kira SG3. Akwai wani waken gargajiya na ƙasar Botswana mai lamba B301 wanda masu bincike suka dogara da shi wajen samar da iri masu juriya, amma a yankin Zakpota na Jamhuriyar Benin an sami wani jinsi da ya kama shi. Ingantaccen iri kamar SAMPEA 10, wanda aka fitar a shekarar 2008 ta aikin IITA, wato cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken noma a ƙasashe masu zafi, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya taimaki manoma da yawa a wannan yanki. Idan har wani jinsi ya fara karya irin wannan juriya a gonakinmu, wajibi ne a sani da wuri, kuma ba wanda zai sani in ba a ɗebi samfur yadda ya kamata ba.

Saboda haka ban yi gaggawa ba. Na bi kunyoyin a karkace, daga wannan gefe zuwa wancan, ina zaɓen kararen da ƙwansonsu ya yi duhu amma bai fashe ba. Nakan zura kan karan a cikin ambulan tukuna sannan in datse da almakashi, domin irin ya fi ƙwayar yashi ƙanƙanta, kamar garin taba yake, kuma ɗan girgiza kaɗan ya isa ya watsar da shi. Na tara daga tushe talatin a ambulan guda, na ware wasu tushe biyar kowanne a nasa. Jikan ya kawo baƙar leda da kyakkyawar niyya ya ce in zuba a ciki don kada takarda ta yage, na gode masa na bayyana masa cewa leda tana tara gumi ta ruɓar da samfur, ita kuwa takarda tana barin iska ta ratsa. Daga nan shi ya riƙa riƙe mini ambulan, kuma ya fi ni saurin hango ƙwanson da ya nuna. Tushen da na haƙo da ƙullinsa na shimfiɗa shi tsakanin jaridu na danne da kwali, domin shi ne shaidar cewa wake ciyawar ta kama, ba wani haki na gefen kunya ba. Na kuma ɗebi ƙasa daga wurare goma, zurfin kimanin santimita 15, na gauraya a bokiti na ɗauki rabin kilo.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne rubutu, kuma a ganina shi ne rabin aikin. A kan kowace ambulan na rubuta lamba, da kwanan wata, da sunan ƙauye, da lambobin wurin da wayata ta nuna, da amfanin gonar da ciyawar ta kama, na kuma jefa ƙaramar takarda mai ɗauke da bayanin nan a ciki ko da na waje zai goge. Sauran kuwa daga bakin mai gona suke fitowa. Na tambaye shi abin da ya shuka bara da bara waccan, da irin takin da ya zuba, da lokacin da ya fara ganin ta. Jikan ne ya tuna masa cewa shekara biyu da suka wuce sun sayo harawa daga wani gari suka ba tumaki, takin tumakin kuma wannan gonar aka kai shi. Na rubuta wannan da kyau, domin harawa da taki da ƙafar dabbobi da irin shuka da ba a tsabtace ba duk hanyoyi ne da wuta-wuta ke bi daga gona zuwa gona. Da na tambayi ko akwai ragowar irin da ya saya, ya aika gida aka kawo ɗan abin da ya rage a gwangwani. Na ga ƙwayoyin ba girmansu ɗaya ba, amma ban ce komai ba, domin ba na so in jefa zargi a kan wani kafin a gwada.

Kafin azahar na shiga gonaki biyu na maƙwabta, ɗaya ta wake ɗaya ta kaura, na ɗebi samfur don kwatantawa. A bakin kowace gona na tsaya na goge takalmina da fartanya da almakashi, na kakkaɓe ƙafar wando. Wani manomi ya tambaye ni dalili, na ce masa ba zan so in zama ni ne na kawo masa abin da na zo yaƙa ba.

Na isa ɗakin gwajin ana gab da la’asar. Malamar da ke karɓar samfura ta shimfiɗa farar takarda a tebur, ta jera ambulan goma sha ɗaya, tana karantawa tana shigarwa a rajista. Da ta zo ta tara sai ta tsaya, ta ce babu sunan shukar da aka samu ciyawar a kanta. Gaskiyarta ne, na manta, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, domin samfurin da ba a san daga jikin me ya fito ba ba shi da wani amfani a wannan gwaji. Allah Ya taimake ni na ɗauki hoton kowace ambulan a gindin tushen da na yanka, muka duba tare muka ga wake ne na gonar maƙwabci, sannan ta karɓa.

Ta bayyana mini abin da zai biyo baya. Za a shanya su a inuwa, a murza, a tace da rariya mai ƙananan idanu, sannan a ajiye, domin sabon irin wuta-wuta ba ya tsira da kyau sai ya huta wasu watanni. Bayan haka za a wanke shi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, a ɗora a jiƙaƙƙiyar takarda cikin ɗumi da duhu kamar mako biyu, a ɗiga masa sinadarin GR24 mai kwaikwayon abin da saiwa ke fitarwa, a ƙirga waɗanda suka tsira a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Babban gwajin kuwa a tukwane za a yi shi. Za a cuɗa irin da ƙasa, a shuka nau’o’in wake da aka san halin kowanne, har da na gwangwanin dattijon, a ga wanda ta kama da wanda ta bari. Na tambaye ta yaushe za mu ji sakamako, ta ce kada in sa rai kafin faɗuwar damina mai zuwa.

Wannan ya yi mini nauyi a hanyar komawa gida, domin mutumin zai sayi iri tun kafin lokacin. Bayan sallar magariba na kira wayar jikan ya miƙa masa. Na gaya masa gaskiya cewa amsa za ta ɗauki watanni, na roƙe shi gobe su tuge duk abin da ya rage a kunyoyin nan uku tun da safe da sauran raɓa, su tara a wuri guda su ƙone, kada su bar tumaki su shiga, kuma baɗi ya huta da wake a wannan gonar ya ƙara mata taki. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, “To Malam, in takardar ta fito ka zo da kanka ka karanta mini, kada ka aiko.” Na ce in Allah Ya yarda da kaina zan zo. Na rubuta lambobin rajistar duka goma sha ɗaya a bangon littafina, na kuma sa wa wayata tunatarwa ta farkon watan Afrilu don in koma in tambayi inda aka kwana.