"Ki fita ki sake shiga"

Har yau in na tuna Litinin ɗin nan sai raina ya ɓaci. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a Tudun Wadan Zariya. Furofayil ɗin kowane ma'aikaci, wato foldar da ke ɗauke da takardunsa da saitinsa, yana kan saba, babbar kwamfutar da sauran ke haɗe da ita, duk na'urar da ya zauna kayansa su biyo shi. Ranar Asabar na ga faifan sabar ya kusa cika, sai na sa sabo na kwashe foldojin can. Da Windows ta hana ni buɗe su, ban yi wata-wata ba na mayar da mallakarsu sunana, na kwafe, na tafi gida ina ganin na yi aiki.

Litinin da safe babu wanda ya yi ƙorafi, domin kowa ya zauna a kwamfutar da ya saba, kuma in Windows ta kasa ɗauko furofayil daga saba sai ta buɗe kwafin da ya rage a cikin na'urar. Hajiyar ofishin jarrabawa ce kaɗai aka samu akasi. Tata kwamfutar ta ƙone ranar Juma'a da aka kawo wuta mai ƙarfi, sai ta zauna a wadda ba ta taɓa shiga ba. Babu kwafi a ciki, don haka aka ba ta furofayil na wucin gadi.

Ina Sabon Gari ina cinikin kayan gyaran tata, bayan azahar, ta kira ni. "Injiniya, tun safe takarduna ba su fito ba, fuskar kwamfutar wayam." Ga hayaniyar kasuwa, ga mai shago yana jira na. Na ce, "Hajiya, ki fita ki sake shiga, za su dawo." Ban tambaye ta ko ta yi wani aiki a kai ba. Tambaya ɗaya tak! Ashe da ba ta ga takardunta ba, sai ta buɗe sabon Excel ta shiga zuba makin ɗalibai tun ƙarfe takwas, aji biyar, tana ajiyewa a fuskar kwamfuta. Shi kuwa furofayil na wucin gadi, da ka fita Windows ke share shi da duk abin da ke ciki, ko kwandon shara ba ya bi.

Da na iso na tarar da ita zaune, takardun maki jibge a gabanta, biro a kunne. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Kai ka ce in fita." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ɓata kusan awa biyu ina lalube a inda babu komai. Na duba agogon na'urar, don a nan da wuta ke zuwa tana tafiya batirin agogo yakan mutu, kuma Kerberos, tsarin da ke tantance mai shiga, ba ya yarda agogon na'ura da na saba su bambanta fiye da minti 5. Agogo daidai. DNS ma, wanda ke nemo wa na'ura adireshin saba, yana kallon sabarmu. Sai can na buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta matsalolin da suka faru, wanda da shi ya kamata in fara. Ga lamba 1511, wato an shigar da ita da na wucin gadi, a gefenta ga 1526. Bayanin ƙarara yake: dole mai furofayil ɗin ne ko rukunin Administrators ke mallakar foldar, in ba haka ba Windows ba za ta ɗauko ta ba. Sunana kuwa ba ɗaya daga ciki ba ne. Da hannuna na rufe wa kowa ƙofa tun ranar Asabar.

Gyaran bai kai minti arba'in ba. Da umarnin icacls na mayar wa kowa mallakar foldarsa da cikakken izini. A kula a nan, foldar da Windows 10 na yanzu ke amfani da ita ita ce mai ƙarewa da .V6, masu .V2 ragowar zamanin Windows 7 ne, ni ma sai da na fara taɓa ta banza. Abin da ya fi ci mini rai shi ne umarnin kwafe fayil na robocopy da /B da /COPYALL zai kwashe komai da mallakarsa da izininsa ba tare da na ƙwace ko folda ɗaya ba. Na san umarnin sarai, gaggawa ce kawai.

A daren na kunna, a cikin Group Policy inda ake kafa wa dukan kwamfutoci ƙa'ida, dokar da ke hana shigar da mutum da furofayil na wucin gadi. Gara a tare shi a bakin ƙofa ya kira ni da ya yini yana zuba ruwa a kwando. Na kuma karkatar da Desktop da Documents zuwa wata folda daban a saba, wanda da na yi tun farko da aikin Hajiya bai salwanta ba. Yanzu duk wanda ya kira ya ce kayansa sun ɓace, abin da nake fara faɗa shi ne kada ya taɓa komai, in ya ajiye wani abu ya kwafe a filashi tukuna.

Na gwada manhajar dawo da fayil, abin da ya fito bai buɗu ba. Talata da Laraba na jawo kujera kusa da ita, ina karanto suna da maki tana bugawa. Ana kiran la'asar ranar Laraba muka gama aji na biyar, ta ajiye a filashi biyu, ɗaya ta jefa a jakarta.