Wa Zai Duba Mai Jinya?

Na kwashe shekaru ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Kazaure ta Jihar Jigawa, inda galibin aikina bai wuce awon ciki da rigakafin yara da maganin zazzaɓin cizon sauro ba. A makarantar koyon aikin lafiya an karantar da mu ciwon ƙwaƙwalwa cikin 'yan makonni, muka haddace sunayen cututtuka da na magunguna, muka ci jarrabawa. Da na kama aiki sai na ga masu taɓin hankali ba sa zuwa wurinmu, har na ɗauka babu su a yankin. Ashe suna nan cikin gidaje, a ɗakin ƙurya na bayan rumbu, inda baƙo ba ya leƙawa. Kasancewata mace ce ta ba ni damar shiga gidajen da aka rubuta wa “ba shiga”, kuma ta haka na fara ganinsu.

Wata rana mun je rigakafi gida-gida, ina ɗiga wa jariri magani sai na ji ƙarar ƙarfe daga wani ɗaki. Da na matsa da tambaya, tsohuwar gidan ta ɗaga labulen buhu, na ga saurayi a zaune a ƙasa, an sa masa mari a ƙafa an haɗa da gungumen itace, idon sawunsa ya yi gyambo, ƙudaje na bi. Ya dawo daga ci-rani ne a Kudu, ya daina barci, yana magana da waɗanda ba a gani, yana cewa an zuba masa guba a tuwo. Raina ya ɓaci, na yi wa tsohuwar faɗa a gaban surukanta, na ce ko dabba ba a yi wa haka. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: “'Yata, ni na haife shi. Idan na kwance shi ya faɗa rijiya, ko yara suka bi shi da jifa, wa zan kama?” Daga ranar aka rufe mini ƙofar gidan, kuma sai da aka yi wata da watanni kafin ungozomar unguwar ta roƙa mini izinin komawa. Duk tsawon lokacin nan yana cikin mari, kuma ina ganin da hannuna a ciki, domin faɗan da na yi bai kwance kowa ba.

Da na koma ban ɗauko maganar asibiti ba. Na wanke masa gyambo, na ɗaure, na zauna kan tabarma na ce: “Inna, ke fa, yaya jikinki?” Sai ta fashe da kuka. Shekara biyu ba ta yi barcin dare ɗaya cikakke ba. Ta sayar da awakinta wurin neman magani, daga mai turare zuwa mai ganye. Ta daina zuwa biki da suna, domin ba ta da wanda za ta bar wa shi, kuma ta gaji da yadda ake yin shiru idan ta shigo taro. Wanda ke neman auren ƙanwarsa ya janye, danginsa sun ce abin yana bin jini. Na auna jininta na tarar ya hau sosai, alhali ba ta taɓa sani ba. A ranar na gane cewa marasa lafiya biyu ne a gidan, kuma idan wadda ke tsaye ta faɗi, wanda ke zaune ba shi da kowa.

Batun iskoki da sammu shi ne inda yawancinmu ma'aikata muke tuntuɓe. Mukan shigo da nufin gyara wa mutane tunani, mu ce ba aljanu ba ne, ciwo ne, su kuma su ji kamar an taɓa musu imani, sai su toshe kunne. Ni dai na daina wannan gardamar. Na je na durƙusa gaban limamin garin na ce: “Allah ya gafarta Malam, a ci gaba da addu'a da ruƙiyya, amma a taimaka mini a haɗa da magani, a kuma hana duka da ɗauri.” Shi da kansa ya kawo hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, kuma maganarsa ce ta sa kawun yaron ya yarda aka ɗauki shatar mota zuwa babban asibiti. Abin da na kasa yi a wata shida, liman ya yi shi bayan sallar La'asar guda.

Sai kuma kuskurena na biyu. Ba a daɗe da fara magani ba wuyansa ya sanƙare ya karkace, hannuwansa suka riƙa rawa, yawu na zuba. Mutanen gida suka ce aljanun ne suka fusata da ƙwayar Bature, suka zubar da ita a masai. Alhali wannan sanannen abu ne da magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine ke jawowa, kuma likita yana magance shi ta hanyar rage yawan maganin, ko sauya shi, ko ƙara wata ƙwaya da ke sassauta jijiyoyi. Na san haka tun a aji, amma ban zauna na gaya musu ba. Tun daga lokacin ba na barin iyali su tafi sai na faɗa musu abin da za su iya gani, da cewa sauƙi yakan ɗauki makonni, da cewa ranar da mutum ya warware har ya koma gona ita ce ranar da aka fi jin kwaɗayin ajiye magani, kuma ajiyewar ce ke dawo da ciwo.

Akwai abin da littafin rajista ya nuna mini wanda ba a faɗa mana a makaranta ba. Masu dawowa da ciwo sun fi yawa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi ya tafi ga taki da 'yan ƙwadago, hanya kuma ta lalace. Asibitin masu taɓin hankali na Kazaure, ko na Dawanau a Kano, ba su da nisa a bakin mai mota, amma ga wanda zai biya kuɗin mutum biyu ko uku ya kuma bar noma na yini guda, tafiya ce babba. Saboda haka nake ba iyalai shawara su ware kuɗin magani tun da kaka, kamar yadda ake ware iri, kuma ga waɗanda likita ya rubuta wa allurar wata-wata, muka nemi a riƙa yi musu a asibitinmu.

Na kuma koyi sa ido kan masu jego. Mace ɗaya ko biyu cikin dubu kan kamu da rikicewar hankali mai tsanani bayan haihuwa, galibi a makonni biyu na farko, kuma abu ne na gaggawa da ke warkewa idan an yi hanzari. A wurinmu kishiya ake fara zargi. Yanzu ungozomomi sun san cewa idan mai jego ta kwana biyu ba barci, tana sambatu ko tana ƙin jaririnta, a kira ni ko da tsakar dare ne.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin mulkin mallaka, ta kuma tabbatar wa masu wannan lalura haƙƙinsu da mutuncinsu. Na yi murna ƙwarai, sai dai na san doka ba za ta kwance mari a ƙauye ba muddin uwa ba ta da abin da za ta maye gurbinsa da shi. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fahimci wannan a Aro kusa da Abeokuta, inda ya riƙa saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan'uwansa mai jinya, maimakon a raba su da danginsu.

Abin da muka iya yi a namu ƙaramin matsayi shi ne mayar da ranar allura ranar masu jinya. Bayan an gama, mata sukan zauna a inuwar darbejiya a harabar asibiti, in auna musu jini, su yi ta hira kan yadda ake lallashin wanda ya ƙi shan magani da yadda ake gane ciwo na shirin tashi. A nan suka shirya karɓa-karɓa, wata ta tsaya wa wata idan tana da fita. Dagaci kuma ya sa aka yi shela cewa duk yaron da ya jefi mai lalura, ubansa za a kira.

An cire wa saurayin nan mari, tabon yana nan a ƙafarsa. Har yanzu ba ya son taron jama'a, kuma a daminar bara ya yi 'yan makonni a rikice kafin ya daidaita, amma shi ke nome gonar geronsu, shi kuma ke kawo kansa allura a kan keke. A watan jiya na haɗu da Inna a gidan suna a unguwar gabas, ta sha lalle, tana rabon goro. Ta kama hannuna ta ce maganin hawan jininta ya kusa ƙarewa, za ta biyo shi ranar allura.