Daga Kasuwar Gujungu Zuwa Randar Iya: Bin Sawun Tsiron Dawa

Ranar Lahadi muka bar Kano da sassafe, hazo ya rufe gari, muka bi ta Gezawa da Ringim muka nufi Gujungu, don ranar ce kasuwarta ke ci. Tsakiyar Disamba ne, an gama yankan dawa, duk inda ka waiga dammuna ne a jingine, mata na sussuka a bakin gari. Abin da ya fito da ni shi ne tsiron hatsi, yadda ake yin sa da yadda yake juya ɗanɗanon duk abin shan da ya shiga, tun daga kunun zaƙin gora har lemon molt na kwalba, molt kuwa shi ne sunan da kamfanoni ke kiran busasshen tsiron. Da shi kuma ake yin giya a ƙasashen duniya. Giya haramun ce, doka ma ta hana ta a Kano da Jigawa. Amma dawarmu na hawa tirela ta yi kudu kowace kaka, wanda ya noma abu kuwa ya kamata ya san abin da mai saye ke dubawa a jikinsa.

A layin 'yan hatsi wani dillali ya zuba mini kala uku a faifai: kaura mai ruwan ɗorawa, farafara, da jar dawa. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza, ta ce ƙas.

"Hajiya, kin ji? Wannan ta bushe. In ta lotse a haƙori, da sauran ruwa a jikinta, masu kamfani ba za su ɗauka ba."

Gaskiya ya faɗa, sai dai bushewa rabin magana ce. Mai yin molt ƙwaya mai rai yake nema. Gwajin ba wuya: a ƙirga ƙwaya 100, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a bar shi kwana uku ana yayyafa ruwa. In waɗanda suka tsira ba su kai 90 ba, wannan dawar ta tuwo ce. Abin da ke kashe ta sananne ne: shanya a kan kwalta da tsakar rana, barin mota ta bi ta kan zangarniya da sunan sussuka, ƙwari a rumbu, da gauraya ta bara da ta bana don buhu ya cika. Haɗa iri biyu ma ɓarna ce, domin ɗaya za ta tsira ta wuce ɗayar ba ta farka ba. Wasu nau'in jar dawa kuma suna da bauri. Masu giyar dawa ta dolo a Burkina Faso da masu burukutu a tsakiyar Najeriya ja suke so, don launi da kaurin da take bayarwa, kamfanoni kuwa sun fi neman fara ko gajerar kaura irin SK5912 da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar.

Wannan ciniki yana da asali. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da sha'ir da molt ɗinsa, kamfanonin giya da na lemon molt suka wayi gari ba su da abin dogaro sai dawa da masara. Suka sha wahala kafin su gane kanta. Abin da ya ba su wahalar ne na tarar ana warware shi da ƙwarya da muciya a wani ƙauye kusa da Taura, inda na sauka a gidan wata dattijuwa mai kunun sayarwa da ake kira Iya.

Iya ba ta sayen tsiro, da kanta take yi. Takan wanke kwano ɗaya na dawa ta kwashe duk abin da ya taso saman ruwa, ta jiƙa yini da kwana, tana sauya ruwan sau biyu ko uku. In ba a sauya ba ƙwayar ba ta samun iska, sai ta yi wari ta mutu. Daga nan ta tsane ta, ta baza a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a ƙuryar ɗaki, kaurinta bai wuce yatsu uku ba, ta rufe da wani buhun. Safe da yamma tana yayyafa ruwa tana juyawa da hannu. Ta ɗaga mini buhun na sa hannu: da ɗumi a ciki kamar ƙasan kaza mai kwanci, farin saiwa ya sarƙe da juna, ga ƙamshi irin na ɗanyen kokwamba. Dawa zafi take so, tsakanin digiri 25 zuwa 30, shi ya sa da bazara kwana uku zuwa huɗu sun isa, da hunturu sai ta kai biyar ko shida. Sha'ir na Turai akasin haka ne, a sanyin digiri 15 ko kusa da haka yake tsira. In aka tara dawar da kauri, zafin ya yi yawa, fumfuna ta hau. Wadda ta yi kore ko baƙi ba a wanke ta a ci gaba, zubarwa ake yi, domin akwai fumfunar da ke barin guba mai cin hanta.

Bayan ta shanya shi kwana biyu ko uku a rana, sai ta murje tsiron a turmi a hankali, ta sheƙe saiwar da ɗan ganyen.

"'Yar nan, wannan ko akuya ba na ba. Kin san abin da gyauron dawa ke yi wa shanu."

Ta san abin da take faɗa. Ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da sinadarin da ke zama guba a ciki, kuma a saiwar da ganyen ya fi taruwa. Ɗaci ma daga nan yake shiga kunu.

Da la'asar aka kai jiƙaƙƙen gero kwano biyu inji, an haɗa shi da citta da kanumfari da ɗan masoro. Tsiron da busasshen dankalin Hausa, kowanne cikin tafi biyu, daban aka markaɗa su. Iya ta raba ƙullun geron gida uku. Kashi biyu ta sheƙa musu tafasasshen ruwa tana tuƙawa har ya yi kauri kamar koko. Kashi ɗayan ta haɗa da ƙullun tsiro da dankali ta ajiye gefe, ɗanye. Sai ta zauna tana jira. Can ta tsoma yatsa ta fitar, ta girgiza kai. Bayan ɗan lokaci ta sake, ta ce ya yi. Na sa ma'aunin zafin da na zo da shi, ya nuna ɗan sama da 60. Ta juye ɗanyen a cikin dafaffen ta motsa. Kafin a kira magariba, abin da muciya ke tsayawa a cikinsa ya saki ya zama ruwa, na ɗanɗana na ji zaƙi, alhali ko ƙwayar sukari ba ta shiga ba.

A nan duk sirrin yake. Ƙwayar da ta tsira tana samar da sinadaran da ke yanka sitaci su mayar da shi sukari, amma sai sitacin ya dahu suke iya kama shi. Na sha'ir yana dahuwa a wajen digiri 60, daidai inda sinadaran ke aikinsu, don haka Bature tukunya ɗaya ta ishe shi. Na dawa da gero sai an haura 70, a wannan zafin kuwa sinadarin da ya fi ba da zaƙi ya riga ya mutu. Dole a dafa sitaci daban, a tsare sinadarin daban, a haɗa su bayan an huce. Kamfanoni haka suka koma yi da manyan tankuna, wasu kuma suka riƙa sayo sinadarin a jarka. Dankalin ma ba ado ba ne. Tsiron dawa yana da ƙarancin wannan sinadari mai kawo zaƙi, dankali kuwa yana da shi da yawa. Na daɗe ina jin takaicin yadda ake kallon wannan aiki a matsayin abin da kowace mace ke yi da ka, alhali ilimi ne cikakke.

Ruwan ma Iya tana zaɓe. Akwai rijiya a bayan gidanta mai zartsi, ba ta kunu da ita, sai ta aika yara famfon burtsatse na bakin masallaci. Ruwa mai kanwa-kanwa yana duhunta hatsi, kamar yadda kunun kanwa ke sauya launi, yana kuma rage wa sinadaran ƙarfi, don sun fi son ruwa mai ɗan tsami kaɗan. Wannan dalilin ne ya raba giyar Turai gida-gida. Garin Pilsen na ƙasar Cek ruwansa sakayau ne, ba gishirin ƙasa, shi ya sa a 1842 aka fitar da giya fara tas mai ruwan zinariya a can, wadda yawancin na kwalba a duniya ke kwaikwayo har yau. Ruwan Munich na Jamus yana da alli, ya fi dacewa da molt mai duhu. Na Burton a Ingila yana da wani gishirin dutse da ke fito da ɗacin furen hof, furen da Turawa ke sa wa don ɗaci da ƙamshi da hana lalacewa. A 1516 aka yi doka a Bavariya cewa sha'ir da hof da ruwa kaɗai za a sa. Habashawa kuwa ganyen gesho suke sa wa giyarsu ta tella a madadin hof.

Wuta ita ke ba da launi. Tsiron Iya rana ce ta busar da shi, don haka fari ne mai sanyin ƙamshi. Kamfani yana busar da farin molt da iska mai zafin da ke ƙarewa a wajen digiri 80. In aka ƙara wuta sai ya yi ja ya ɗauki ƙamshin gasasshen burodi, in aka haura 200 ya zama baƙi mai ɗacin gahawa, irin gasasshen sha'ir da ke baƙanta Guinness ta ƙasar Ailan. A Bamberg ta Jamus da hayaƙin itace suke busarwa da gangan. Duk wadda ta taɓa shanya tsiro a saman murhu da damina ta san wannan ƙaurin, ba ya fita.

Iya ta rufe randar da faifai, ba ta toshe ba, aka kwana. Cikin dare ƙwayoyin da ke tsamar da nono su ne ke aiki, su ba kunun ɗan tsamin da ke daidaita zaƙinsa. Awa takwas zuwa goma sun isa da zafi, da sanyi a ƙara kaɗan. A Beljiyam ma akwai giyar lambik da ake barin ruwanta a buɗe ya kwana iska ta shuka masa ƙwayoyinta, sai dai su shekara ɗaya zuwa uku suke ajiye ta a ganga. Yis ne ke mayar da sukari barasa, kuma irinsa da zafin da ya yi aiki a ciki suna sauya ƙamshi ƙwarai: na sanyi, digiri 8 zuwa 12, ba ya barin ƙamshi mai yawa, na giyar alkama ta Bavariya kuwa yana fitar da ƙamshin ayaba da kanumfari ba tare da an sa ko ɗaya ba. Yis yana cikin iskarmu da jikin randunanmu mu ma. Kunun da ya kwana biyu a zafi, gorarsa ta kumbura, ya yi tsiii in an buɗe, yana kumfa yana yaji a harshe, ya fara zama abin da ba mu sha. Zubar da shi za a yi, ƙara sukari ba ya gyara shi, abinci ma ake ƙara wa yis ɗin. Lemon molt na kwalba ana dafa shi ne bayan an rufe, don kada yis ya samu wannan damar.

Da asuba aka tace da ƙyallen tata, aka ƙara ruwa da sukari kaɗan. Ana cikin ɗurawa sai ga wata amarya daga maƙwabta da roba a ka, kununta ya kwana da kauri kamar jiya, ba zaƙi. Iya ta lakata ta ɗanɗana.

"Da zafi kika haɗa, 'yata. Kin ƙona tsiron."

Ta ce ta mayar da shi wuta ya ɗan yi ɗumi, ta ɗebo mata ragowar garin tsiro cikin ludayi, ta ce ta dama da ruwan sanyi ta zuba, ta rufe zuwa hantsi. Motar Gumel ta tsaya mana a bakin titi wajen ƙarfe goma, yaron amaryar ya biyo ni da gudu da gora ɗaya a hannu. Ya saki, zaƙin ya fito, sai dai tsamin bai kai na Iya ba, don bai samu darensa ba.