Alƙali da dare, yaron ofis da safe

Ƙarshen watan nan zan bar ofishin lauyoyin da na daɗe ina yi wa aiki, kuma duk wanda ya san mu ya san ba albashi ne ya raba mu ba. Aikin sa-kai da nake yi a kotun ƙananan ƙararraki ta birnin New York ne sila. Ƙannenmu a wannan sana'a suna yawan tambayata ko su ma su ba da sunansu, to gara su ji abin da ba a faɗa a wurin horo.

Tsarin kansa ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Tun 1934 aka kafa kotun don mai ƙaramin ƙarfi ya nemi haƙƙinsa ba sai ya ɗauki lauya ba. Kuɗin shigar da ƙara dala 15 ne ko 20, kuma tun 2020 ana iya neman har dala 10,000. Alƙali ɗaya ba zai iya da jama'ar da ke cika zauren ba, shi ya sa ake roƙon lauyoyin da suka goge su zauna a ƙananan ɗakuna, su saurari ƙara, su yanke hukunci, ba a biyansu ko sisi. Sai ɓangarorin biyu sun amince, domin hukuncinmu ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Wani dare aka miƙo mini takardun wata mata mai aikin jinyar tsofaffi. Ta tashi daga gidan haya, kamfanin da ke da gidan ya riƙe kuɗin ajiyarta, wato kuɗin jingina da mai haya ke bayarwa kafin ya shiga gida, wata da watanni, alhali dokar jihar New York ta 2019 ta ce a mayar cikin kwana 14, tare da bayanin duk abin da aka cire. Ina ganin sunan kamfanin na san namu ne, ofishinmu ke yi masa shari'o'insa. Na faɗa a gaban matar da wakilin kamfanin cewa ba zan saurari ƙarar ba, na faɗi dalili, na mayar wa magatakarda takardun. Ba bajinta ba ce, ƙa'ida ce da kowane lauya ya sani.

Washegari shugaban ofishinmu ya kira ni. Bai ce na karya doka ba, don ya san ban karya ba. Cewa ya yi: "Wa ya sa ka bayyana mata? Da ka zauna ka sasanta su cikin ruwan sanyi. Mutanen nan su ke biyan albashinka." Wato a wurinsa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko da yana zaune a kujerar hukunci. Na ce masa matar ta zo ne da yaƙinin wanda zai saurare ta ba shi da ɓangare, kuma in na yanke ba ta da inda za ta kai kuka. Ya ce in je in yi tunani.

Daga ranar aka fara janye mini manyan shari'o'i ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa, ba takardar gargaɗi. Da ƙarshen shekara aka rubuta a rahotona cewa ba na sa ofis a gaba. Wanda na koya wa aiki da hannuna aka ɗora a kaina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a duk wannan lokaci sunana da hotona suna cikin takardar tallar ofis, a shafin da ake alfahari da taimakon al'umma.

A nan na gane bambancin da ke tsakaninmu da alƙalin da muke taya aiki. Shi zaɓensa aka yi na shekara 10, albashinsa daga gwamnati yake, ba mai kiransa da safe ya tuhume shi kan wanda ya ɓata wa rai. Ɗan sa-kai kuwa an ba shi ikon alƙali na 'yan sa'o'i, ba a ba shi kariyar alƙali ba. Duk tsadar gaskiyarsa daga aljihunsa za ta fito. Don haka kafin ka ba da sunanka, ka sa ofishinku ya amince a rubuce, kuma ka duba jerin ƙararrakin daren tun kafin ka zauna. Idan shugabanka ya yi murmushi ya ce ba sai an rubuta ba, nan ne ma ya kamata ka nace.

Sauran darussan gajeru ne. Ka maimaita wa mutane sau biyu cewa babu ɗaukaka ƙara, da yawa suna gyaɗa kai ne kawai don su samu su koma gida da wuri. Kada ka bari yaro ya yi wa uwarsa tafinta, kotu na ba da tafinta kyauta. 'Yan uwanmu na yankin Bronx a birnin New York, mutanen Ghana da Nijar, sukan zo da rigimar bashi ko adashi ba takarda, amma sau da yawa shaidar tana cikin saƙonnin WhatsApp, sai ka ba su lokaci su lalubo. Mai neman kuɗin gyara ya zo da rasit ko ƙiyasi biyu. Wanda ya yi nasara kuma a gaya masa gaskiya: takardar hukunci ba kuɗi ba ce, karɓo su wani aikin ne da zai iya kai shi ga jami'an tilasta biya.

Kujerar dare ban bar ta ba, kuma sabon ofishin da zan koma sun sa hannu a kan haka kafin ni in sa nawa. Tsohon kuwa na rubuta musu su cire sunana daga takardar tallarsu. Har yau ba su ba ni amsa ba.