Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Kotun Karayar Arziki

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya mun tsaya a shekarun da na yi ina tafinta da haɗa takardu a ofishin wani lauya a Bronx, mai karɓar shari'ar waɗanda bashi ya yi wa katutu. Wannan makon labarin kaina zai ɗan jira, domin abin da ke tafe ba zai fahimtu ba sai an san yadda aikin yake: ina ake samo bayanan wanda ya shigar da ƙarar karayar arziki a Amurka, kuma yaya mutum yake shigar da tasa.

Karayar arziki a Amurka ba harkar kotun jiha ba ce. Dokar tarayya ce ta shekarar 1978, wadda aka yi wa babbar kwaskwarima a 2005, kuma kotunan tarayya ne kaɗai ke sauraron irin wannan ƙara. Don haka mutumin Bronx da ya nufi babban ginin kotun nan na Grand Concourse, kusa da titi na 161, yana neman fayil, zai dawo hannu Rabbana. Bronx da Manhattan suna ƙarƙashin gundumar Kudancin New York, kotunsu tana One Bowling Green, tsohon ginin kwastan da ke can ƙarshen Manhattan. Jirgin ƙasa mai lamba 4 daga tashar Yankee Stadium zai sauke ka a bakin ginin. Brooklyn da Queens da Staten Island kuwa na gundumar Gabas ne, kotunsu tana Cadman Plaza. Inda mutum ya fi daɗewa a cikin kwana 180 kafin ya shigar da ƙara, nan ne kotunsa.

Fayil ɗin a buɗe yake ga kowa, ba sai ka faɗi dalilinka ba. Daga gida ana shiga ta PACER, rumbun bayanan kotunan tarayya a intanet. Rajista kyauta ce, kowane shafi senti 10, takarda ɗaya ba ta wuce dala 3, kuma idan abin da ka kashe cikin wata uku bai haura dala 30 ba, ba za a karɓi ko sisi ba. Wanda ya je kotun da ƙafarsa zai tarar da kwamfutoci a ofishin akawu, dubawa kyauta, bugawa ce kawai ake biya. Shari'o'in da aka shigar kafin Disamba 2003 kuma aka daɗe da rufe su, ba a buɗe takardunsu ta intanet, saboda a wancan lokacin ana rubuta cikakkiyar lambar soshiyal ɗin mutum a ciki, wato lambar shaidarsa ta Social Security. Waɗannan sai ta hannun akawun kotu.

Inda mutanenmu ke shan wahala shi ne suna. Kwamfuta ba ta san Muhammad da Mohammed da Mahamadou mutum ɗaya ba ne. Na Nijar fasfonsa ya ce Aboubacar, na Gana ya ce Abubakari, wani kuma an juya masa sunan uba ya koma na farko. A gwada duk rubutun da aka sani, a juya gaba da baya, sannan a tabbatar da adireshi da lambobi huɗu na ƙarshen soshiyal, su kaɗai ake nunawa. In an samu fayil, a duba yadda ya ƙare. Shari'ar da aka rufe bayan an wanke mutum daga bashi daban, wadda aka kora daban. Wadda aka kora, bashin yana nan daram kamar ba a taɓa zuwa kotu ba, kuma da yawa suna yawo da lambar shari'a a aljihu suna zaton an gama da su.

Shigar da ƙara ba ya buƙatar zama ɗan ƙasa. Doka ta ce wanda ke zaune a Amurka, ko yake da sana'a ko dukiya a cikinta. Ga mutum ɗaya, ƙofa biyu aka fi bi. Babi na 7 na dokar shi ne a tattara dukiyar da doka ba ta kare ba a sayar a raba wa masu bin bashi, sauran bashin a wanke, cikin kamar wata huɗu. Kuɗin shigarwa dala 338. Babi na 13, dala 313, na mai samu ne a kai a kai wanda yake so ya riƙe gidansa ko motarsa, ya riƙa biya wata-wata tsawon shekara 3 zuwa 5. Biyan farko yana faɗowa cikin kwana 30 da shigar da ƙara, tun kafin alƙali ya amince da tsarin, kuma wannan ya kayar da mutane ba adadi. Ana iya roƙon biyan kuɗin kotu kashi huɗu cikin kwana 120, a Babi na 7 kuma ana iya yafe shi gaba ɗaya ga wanda samunsa bai kai ninki ɗaya da rabi na ma'aunin talauci ba.

Ba kowa ke shiga Babi na 7 don ya ga dama ba. Tun gyaran 2005 ana auna samu: a haɗa abin da ya shigo gida a cikakkun watanni shida da suka wuce, a fitar da na shekara, a gwada da matsakaicin samun gida mai yawan mutane irin naka a jiharka. In samunka bai kai shi ba, ka samu shiga. In ka haura, sai a shiga lissafin kashe-kashe. Ga direban tasi da samunsa ke hawa da sauka, watan da ya shigar da ƙara kaɗai yana iya canza sakamakon. Direbobi kuwa sun cika kotun nan bayan lasisin tasi mai rawaya, wanda ya haura dala miliyan ɗaya a 2014, ya faɗi warwas da zuwan Uber da Lyft, ya bar mutane da bashin da ya ninka darajar abin da suka saya.

Kafin komai sai an yi ɗan kwas na shawara kan bashi a wurin da hukuma ta amince da shi, cikin kwana 180 kafin shigarwa. Ana yin sa ta waya ko intanet. Wanda ya shigar da ƙara bai yi wannan kwas ba, korar shari'ar ake yi. Daga nan sai fom mai lamba 101, da jerin sunaye da adireshin duk masu bin bashi. Sauran takardun, wato na dukiya da basussuka da samu da kashewa, da fom 107 na tarihin hada-hadar kuɗi, da takardun albashi na kwana 60 da suka wuce, ana da kwana 14 a cike su. Da zarar akawu ya buga hatimi, kiran waya da yankar albashi da gwanjon gida duk sun tsaya. Sai dai in mai gidan haya ya riga ya samu hukuncin fitar da kai, tsayawar ba ta cika hana shi ba. Wanda kuma aka kori shari'arsa cikin shekarar da ta wuce, kariyar kwana 30 ce kawai, sai in alƙali ya ƙara.

Yanzu ga wurin da nake so a natsu. Takardar dukiya tana tambayar abin da ka mallaka ko'ina yake a duniya. Filin da ka saya a Kumasi, gidan da ake ɗora wa bulo a Damagaram, kason gadonka a gonar Katsina, kuɗinka da ke hannun uwar adashi, rarar harajin da gwamnati za ta maido maka a farkon shekara, duk dukiya ce. Mutum sai ya ce ai wannan na gida ne, ina Bature zai sani? Zai sani, domin amintacce, wato jami'in da aka naɗa ya binciki dukiyarka a shari'ar, yana karanta takardun banki, kuma kuɗin da ake turawa gida suna barin sawu. Fom 107 yana tambayar kyautar da ta haura dala 600 ga mutum ɗaya cikin shekara biyu, da duk abin da ka mayar sunan wani cikin shekara biyu, da bashin da ka biya ɗan uwa cikin shekara ɗaya. Wanda ya yi sauri ya biya yayansa dala dubu biyar kafin ya je kotu, don kunya, ya ja wa yayan ne, domin amintacce yana da ikon ya ƙwato kuɗin a raba wa kowa. Haka wanda ya mayar da motarsa sunan ƙaninsa.

A ganina ɓoyon ma ba shi da riba. New York ta bar mutum ya zaɓi jerin dukiyar da doka ta kare daga sayarwa, na jiha ko na tarayya, ba a gauraya su, kuma na tarayya yana da wani kaso da ake iya ɗora wa kowace irin dukiya. Ƙaramin fili da aka bayyana yana iya shiga ƙarƙashin wannan kaso, ko amintacce ya ga wahalar sayar da shi daga nesa ta fi kuɗinsa ya ƙyale. Filin da aka ɓoye kuwa yana iya sa a hana wanke bashin baki ɗaya, ga ɗauri har na shekara 5, tunda da rantsuwa aka sa hannu.

Tsakanin kwana 21 zuwa 40 a Babi na 7 ake zaman ganawa da masu bin bashi, yanzu galibi ta Zoom. Alƙali ba ya zuwa, masu bin bashin ma ba kasafai suke leƙowa ba. Amintacce ne zai rantsar da kai, ya ga katin shaida mai hoto da shaidar soshiyal, ya tambaye ka ko ka karanta takardun kafin ka sa hannu, ko akwai abin da ka bari. Takardar harajinka ta ƙarshe ta isa gare shi aƙalla kwana 7 kafin zaman. Akwai tafinta kyauta ta waya, a nema tun da wuri. Bayan zaman akwai kwas na biyu kan tafiyar da kuɗi, a kai shaidarsa cikin kwana 60 daga ranar farko da aka sa wa zaman. Wanda ya manta, sai a rufe shari'ar ba wankewa, ya sake biyan kuɗi kafin a buɗe ta.

Wankewar ba ta taɓa kuɗin ciyar da yara da na tsohuwar mata, da tarar kotu, da harajin shekarun kusa, da bashin da aka ci ta hanyar yaudara, da yawancin bashin karatu. Wanda ya tsaya maka a bashin mota ma, a Babi na 7, banki zai juya kansa. A gaya masa kafin takardar kotu ta riga ka.

Dattawa sukan tambaya, to bashin ɗan uwa musulmi fa, hatimin kotu zai sauke shi ranar gobe? Wannan tambayar malamai ce, kuma aya ta 280 a suratul Baƙara ta yi maganar jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Ta fuskar doka dai, dole ka rubuta sunansa cikin masu bin ka, amma bayan wankewa babu abin da ya hana ka biya shi don kanka daga sabon samunka. Abin da aka hana shi ne shi ya matsa maka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, bai kamata kunya ta sa a cire sunan mutum daga jerin ba.

Babi na 7 yana zama a rahoton tarihin bashinka shekara 10, na 13 yawanci shekara 7, kuma sai bayan shekara 8 ake sake samun wankewar Babi na 7. A adana takardar wankewar wuri mai kyau, masu ba da bashin gida suna tambayarta. Masu cike fom da ke ofisoshin unguwa kuma, doka ta ba su damar buga takarda kawai, ba su da izinin gaya maka babin da za ka bi ko dukiyar da za ka kare, kuma dole sunansu ya fito a takardar.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labarin daga inda muka tsaya.